Leda, itacen girki, ungulu da giwayen Yankari: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da mutane ke ta maimaitawa duk lokacin da aka taɓo zancen muhalli, wasu da gaske suke son sani, wasu kuma neman musu ne kawai, na dai haɗa su duka na amsa daidai abin da na fahimta.

Malam, mutum bai ci ya ƙoshi ba za ka zo masa da zancen bishiya da tsuntsu? Wannan ai aikin Turawa ne da ƙungiyoyinsu.

To ɗan uwa bari mu fara daga tukunyar taka. Miyar kuka da daddawa, ka san wa ke yi musu aiki? Jemage. Furen kuka da dare yake buɗewa, haka tutun ɗorawa, kuma jemagun nan masu cin 'ya'yan itace su ne ke yawo daga wannan fure zuwa wancan suna ɗaukar garin furen har bishiyar ta yi 'ya'ya. Ka kori jemage ka sare ɗorawa ka yi gawayi, sai ka dawo kana ƙorafin kalwa ta yi tsada a kasuwa, ai ba Bature ne zai sha miya babu daddawa ba. Tafkin Chadi a shekarun 1960 ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, fari ya zo ya cinye mafi yawansa kafin ƙarshen shekarun 1980, kuma waɗanda suka ji a jikinsu masunta ne da makiyaya da masu noman rani, talakawa irina irinka. Mai kuɗi in zafi ya yi yawa ya kunna na'urar sanyaya ɗaki ko ya hau jirgi, wanda ke kwana a tsakar gida shi ne inuwa ta dama.

Iskar gas ta fi ƙarfinmu, kananzir ba a magana, in ba itace da gawayi ba da me za mu yi girki?

Hajiya gaskiyarki, kuma ni ba na cikin masu cewa a daina girki da itace alhali ba su kawo wani abu a madadinsa ba, wannan surutu ne na wanda ke da gas a kicin. Abin da za a iya shi ne rage yawan da ake ƙonawa. Murhun duwatsu uku a fili iska ce ke kwashe yawancin zafinsa, in aka kewaye shi da laka aka bar ƙofa ɗaya ta sa itace, ko aka sayi irin murhun nan na ƙarfe mai laka a ciki da maƙera ke yi, dami ɗaya zai kai ki kwanakin da bai saba kai ki ba. Rufe tukunya da murfi. Jiƙa wake tun da dare kafin a ɗora. Busasshen itace maimakon ɗanye mai hayaƙi. Kuma hayaƙin nan ba wasa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kimanin miliyan 3 ne ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin girki a cikin gida, kuma mata da yaran da ke goye a baya su ne suka fi shaƙa.

Gawayi kuwa shi ya fi cin daji, don sai an ƙona itace mai yawa kafin a samu buhu ɗaya, kuma masu yi ba kowace bishiya suke so ba, ƙirya da marke da kaɗanya suke nema saboda gawayinsu ya fi nauyi ya fi daɗewa a wuta, ga su kuma bishiyoyi ne masu shekaru kafin su girma. Kaɗanya tana yin shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. A sare ta a yini ɗaya saboda buhu biyu uku, man kaɗen da matan garin za su yi shekara da shekaru suna sayarwa ya tafi kenan.

Duk shekara muna ganin ana bikin dashen bishiya, manya su zo a ɗauki hoto, to ina bishiyoyin?

Awaki sun cinye, saura kuma rani ya ƙona. Dashe ba shi da wuya, raino ne aikin, kuma ba a yin biki don raino. Ko shirin nan na katangar bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda aka ce zai ratsa daga Senegal zuwa Jibuti, babbar matsalar da ya yi ta fuskanta kenan, a dasa dubbai a tafi, babu mai ban ruwa babu mai shinge.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi, kuma ba su dasa komai ba. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana aikin dashe a yankin Maraɗi, yawancin abin da aka dasa yana mutuwa, sai ya lura cewa 'yan tsiron nan da manoma ke sassabewa duk shekara kafin shuka ai ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen bishiyoyin da aka sare tun da daɗewa, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa ta riga ta kai ga laima. Sai aka fara gwada wani abu mai sauƙi, in ka zo sassabe kada ka share kututturen tas, zaɓi toho biyu zuwa biyar masu ƙarfi ka bar su, ka yanke sauran, ka riƙa yi musu aski suna miƙewa sama. Shi ake kira sassabin zamani. Ba kuɗin iri, ba ban ruwa, wuƙa ko lauje kawai. Da farko dariya aka riƙa yi wa masu yi ana cewa gonarsu ta ƙazanta, amma bayan yunwar 1984 abin ya bazu, kuma da manomi ya tabbata bishiyar da ya raina a gonarsa tasa ce ba ta ma'aikatan gandun daji ba sai kowa ya shiga. Yau ana maganar kimanin hekta miliyan 5 da bishiya wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Gawo ne ya fi yawa a wasu wuraren, kuma duk manomi ya san halin gawo, da damina yake zubar da ganye don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'ya, su kwanta a ƙarƙashinsa su bar kashi. Je ka duba geron gindin gawo ka duba na nesa da shi.

Daga Katsina ko Daura ko Maigatari zuwa can tafiyar nawa ce? Ƙasar ɗaya, ruwan sama kusan ɗaya, harshe ɗaya. Abin da ke ba ni mamaki shi ne har yanzu a gefenmu akwai masu ganin gona mai kyau ita ce wadda aka share fes ba ko tsinke.

Ni a birni nake, wace bishiya zan dasa a ƙofar gida?

Darbejiya ta fi jure wahala, daga Indiya aka kawo ta amma ta zama 'yar gida, sai dai a nisanta ta da katanga da masai saboda saiwa. In akwai ruwa mangwaro ko gwaba ko lemun tsami, a cikin gida kuma zogale, wata shida kin fara kwaɗo. Dasa a farkon damina, a yi mata shinge da ƙaya ko tsohon kwando ko bulo, ruwan alwala da na wanke shinkafa ya ishe ta. Guda ɗaya da za ta rayu ta fi ashirin ɗin da za a manta da su.

Wai ita leda me ta yi ne ake ta zaginta?

Tambayi mahauci. Sau da yawa in an farke tumbin saniya ko akuyar cikin gari sai a ciro dunƙulen leda a cakuɗe da igiya da tsumma, baƙi ƙirin, ya taurare. Dabbar tana raye za ka ga ciki ya kumbura amma ƙashin baya a waje, tana ci ba ta ƙiba, mai ita yana ta sayen magani yana zargin sammu, alhali ledar da aka ƙulla tuwo ko ƙosai a ciki ce ta lasa ta haɗiye don tana jin gishiri da mai. Na biyu lambatu. Ledar fiya wata da ta siyayya su ne ke toshe magudanar ruwa, ruwan sama na awa biyu sai ya shigo ɗakuna, a ce ambaliya, ga kududdufan da da suke shanye ruwan gari an cike su da shara an yi gini a kai. Ruwan da ya kwanta kuma sauro ya samu gida. A gona ma takin bola da ake kaiwa yanzu rabinsa leda ne, ba ta ruɓewa, garma ta yi ta tono ta shekara da shekaru.

Ƙasashe sun hana, Ruwanda tun 2008, Kenya a 2017, Nijar ma ta yi doka a 2014 amma shiga kasuwar Maraɗi ka gani ko dokar ta iso. Legas ta hana robar zuba abinci ta soso a farkon 2024. Mu dai abin da ke hannunmu: jaka ko kwando in za a kasuwa, kwano in za a sayo koko ko waina kamar yadda ake yi da, kuma in mai kanti zai ninka maka leda biyu saboda sabulu ɗaya ka ce ya bar shi. Robobin lemo da ƙarafa da gwangwani a ware su gefe, 'yan jari bola suna saye ko su musanya, su ɗin nan da ake rainawa sun fi kowa yi wa gari aiki a wannan fannin.

To in na tara sharar na cinna mata wuta fa, ba shikenan ba?

Ganye da ɓawo da ragowar abinci ba na wuta ba ne, a haƙa rami a zuba su da toka da kashin dabbobi su zama taki. Leda da taya da batir kuwa hayaƙinsu guba ne, mai asma da jariri su ke fara ji. Batir musamman kada a fasa shi a gida ko a bar yara suna wasa da shi, na mota da na sola akwai dalma a ciki, kuma mun ga abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 lokacin da ake daka duwatsun zinare a cikin gidaje, yara sama da 400 suka rasu.

Da muna yara ungulu cike take a mahauta da kan rufin kasuwa, yanzu ko ɗaya babu. Ina suka tafi?

Ba tafiya suka yi ba baba, ƙarewa suke yi. Tun 2015 ƙungiyar da ke lissafin halittun duniya ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a sahun waɗanda ke dab da ɓacewa. A yankinmu babban dalili shi ne kasuwar 'yan tsibbu da bokaye, ana sayen kai da ƙafa da ƙwai da gashinta wai don sa'a ko maganin aljanu ko cin zaɓe, kuma da ta yi wuya sai kuɗinta ya tashi, da kuɗin ya tashi sai masu kamawa suka ƙaru har ana tsallaka iyaka ana kawo ta daga Nijar da Chadi da Kamaru da Burkina Faso. Yadda ake kamawar ma abin tsoro ne, guba ake barbaɗawa a kan nama, ta kashe goma ashirin a zama ɗaya. Ga masu sa wa mushe guba don kura ko karnuka, ungulu ta zo ta ci. Ga dogayen bishiyoyin da take sheƙa a kai, rimi da kuka da giginya, an sare. Ita kuma ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ina za ta cike gurbin?

Wani zai ce to tsuntsun ƙazanta ne ya tafi mana. Indiya sun gwada rayuwa babu ita. A shekarun 1990 ana yi wa shanu allurar diklofenak, in saniya ta mutu ungulu ta ci sai ƙodarta ta lalace, cikin 'yan shekaru sama da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in suka mutu. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yi yawa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, sai a 2006 gwamnati ta hana amfani da maganin ga dabbobi. Cikin ungulu yana narkar da ƙwayoyin cutar da in kare ko ƙuda ya ɗauka zai kawo maka har gida. Yanzu jaki ya mutu a bakin hanya sati guda ana toshe hanci, da kuwa kafin la'asar sai ƙashi.

Abin da mutum zai yi bai da yawa amma yana da nauyi: kada ka saya, kada ka bari a haɗa maka magani da ita, kada ka sa wa mushe guba. Akwai masu maganin gargajiya da kansu suka koma amfani da itatuwa a madadinta bayan wayar da kan da ƙungiyar kare halittu ta Najeriya ta yi da su, don haka ba dole ba ne.

Maciji ya shigo ɗaki, in ce masa sannu da zuwa kenan?

A'a, ran ɗanka ya fi. Kububuwa da kasa da gamsheƙa suna kisa, je asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe lokacin shuka ko girbi ka ga yadda ake kawo manoma. Abin da nake cewa shi ne wanda ka gani a daji yana tafiyarsa ba sai ka bi shi da sanda ba, mutane da yawa a wajen ƙoƙarin kisan ake saransu. Maciji ɓera yake bi, in ka rufe hatsi ka toshe ramuka ka kau da tarin itace daga jikin ɗaki ka rage masa dalilin zuwa. In ya yi sara kuma asibiti kai tsaye, ban da tsaga ban da tsotsa ban da ɗaure wurin tamau. Mujiya ma haka, ana jifanta wai tsuntsun mayu ce, ita kuwa ɓeraye take kwana tana ci, kuma ɓera shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969.

Ku masu son giwa, kun taɓa ganin gonar da giwa ta kwana a ciki?

Wannan tambayar tana da zafi kuma mai yin ta yana da hujja. Ƙauyukan da ke kewaye da Yankari sun san garke ɗaya zai iya gama gonar masara a dare guda, kuma in ba a biya mutum diyya ba ba ka da bakin ce masa ya so giwa. Yankari an keɓe shi tun 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma giwayen da suka rage a ciki kiyasinsu bai wuce ɗari da wani abu ba, duk da haka suna cikin garke mafi girma da ya saura a Najeriya. Giwa wata 22 take ɗauke da ciki. Ka kashe uwa ɗaya ka san shekarun da ka mayar da garken baya. Dabarun da ake gwadawa a wurare sun haɗa da hayaƙin barkono da kashin shanu, da gadi na haɗin gwiwa da ganguna da fitila, a Kenya kuma jera amya suke a bakin gona don giwa na tsoron zuma, ga zumar sayarwa. Masu sayen haure kuwa ba manomi suke taimako ba, a farkon 2024 a Abuja gwamnati ta farfasa haure tan 2 da rabi da aka kama.

Raƙuman dawan Kure kusa da Yamai su ne misalin da ke nuna abin yana yiwuwa. A 1996 guda 49 suka rage a duk yammacin Afirka, ba kuma a cikin shinge suke ba, cikin gonakin mutane suke yawo har suna cin wake. Aka hana kisa, aka riƙa tallafa wa ƙauyukan da rijiyoyi da rance, samari suka samu aikin raka baƙi, yanzu sun haura 600 har a 2018 aka ɗebi wasu aka kai dajin Gadabeji.

Farauta gadonmu ce, za a hana mu ne?

Maharban da suna da ƙa'ida, akwai lokacin shiga daji, akwai sarkin dawa, ba a harbin mai ciki ko mai shayarwa. Abin da ake yi yanzu na cinna wa daji wuta saboda gafiya da zomo ba gado ba ne, ɓarna ce, wutar ta cinye ciyawar da makiyayi ke jira, ta kashe ƙananan bishiyoyi, wani lokaci ta haɗa da amfanin da ba a kwashe ba, daga nan rigima ta tashi. Haka masu zuba maganin ƙwari a ruwa don kifi ya taso, sun kashe manya da ƙanana da ƙwai, kuma kifin mutane ne za su ci.

Ana sayar da ɗan biri ko aku a bakin titi, in na saya ba ceto na yi ba?

A'a. Kuɗinka ne zai tura shi ya kamo wani, kuma ɗan biri ba a raba shi da uwarsa sai an kashe ta. Aku mai jan wutsiya an hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe tun 2017.

Fiya-fiya da maganin feshi fa?

A karanta abin da aka rubuta a jiki, kada a ƙara a kan ma'auni wai don ya fi ci, kada a yi feshi lokacin da fure ya buɗe zuma na kai, kuma don Allah a daina zuba ruwan sha ko man gyaɗa a galan ɗin da ya ƙare, wanki ba ya fitar da shi. Zuba maganin ƙwari kai tsaye a buhun wake shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa iska ba ta shiga yana kashe ƙwaron ba tare da magani ba, haka durom ko jarka mai murfi in an cika ta taf an rufe.

Addini ya ce wani abu a kan wannan?

Sosai ma, kuma tun muna makarantar allo muke ji. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ta ba ta abinci ba ba ta sake ta ba, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi, da wanda ya ce duk Musulmin da ya yi dashe ko shuka mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci to sadaka ce gare shi. An hana yin ba-haya a inuwar da mutane ke hutawa da kan hanya da mashaya, an hana almubazzaranci da ruwa ko a alwala. Da limamai za su riƙa taɓo wannan a huɗuba ko sau ɗaya kafin damina, da lambatun unguwa sun fi haka.

In na ga ana sare bishiyar gari ko ana zuba guba a ruwa, wa zan gaya wa?

Fara da mai unguwa ko dagaci, su suka san mai yi kuma maganarsu ta fi saurin shiga. In abin ya fi ƙarfinsu akwai ma'aikatan gandun daji a ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, a Nijar ma jami'an gandun daji ne. A Najeriya an sa namun daji irin su ɗankunya da giwa da ayu a ƙarƙashin dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 wadda aka gyara a 2016, kuma kwastan na kama masu safararsu. Kada dai ka tunkari masu bindiga a daji da kanka, ka kai rahoto, in da hali ku je ku biyu ko uku don kada a ce ƙiyayya ce tsakaninka da mutumin.